Kayan Koyar da Kimiyya, Fasaha, Injiniyanci da Lissafi a Makarantun Jos: Tambayoyi da Amsoshi

An tsara waɗannan amsoshi ne domin malaman firamare da sakandare, da shugabannin makarantu, da masu makarantu masu zaman kansu a Jos da kewaye. Malam ko Malama, duk gwajin da kuka karanta a nan, ku fara yin sa ku kaɗai kafin ku kai shi gaban ɗalibai.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Ta ina za mu fara?

Daga manhaja, ba daga kasuwa ba. Ku ɗauko manhajar da hukumar NERDC ke fitarwa, sabon bugu, ku bi darussan zangon nan mako-mako, ku rubuta a gefen kowane darasi abin da yaro zai taɓa da hannunsa. Idan kun gama za ku ga kayan da ake buƙata ba su kai rabin abin da ke cikin takardar farashin dillalai ba, kuma wasu kayan suna dawowa a darasi biyar ko shida: ma'aunin zafi, rula, agogon daƙiƙa, batir, maganaɗisu, sikeli. Waɗannan masu dawowa su ne na farkon saye.

Gini kuwa zai iya jira. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da tebur ɗaya mai faɗi da ba ya rawa, da bokiti biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na yashi, sun isa a koyar da yawancin kimiyyar firamare da ƙaramar sakandare. Babbar sakandare ce ba ta da makawa sai da ɗakin gwaji, domin WAEC da NECO suna da jarrabawar aikin hannu a fiziks da kemistiri da bayoloji.

Me ya zama dole a saya, me kuma za a iya haɗawa da hannu?

Duk abin da aikinsa awo ne mai buƙatar daidaito, a saye shi: buret da fifet (bututan gilashi na auna ruwan sinadari), ma'aunin zafi na gwaji mai tashi daga 10 ƙasa da sifiri zuwa 110, sikelin lantarki mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, maltimita (na'urar auna wutar lantarki), madubin ƙara girma (maikiroskop), tabaran kare ido. Kada a sayi ma'aunin zafi na asibiti a madadin na gwaji. Iyakarsa digiri 42 ko kusa da haka, idan aka tsoma shi a ruwan zafi ya tashi aiki.

Abin da aikinsa riƙewa ne ko zubawa ko ratayewa, a haɗa shi. Gorar ruwa da aka yanke biyu ta ba ku mazurari da kofi. Sabon sirinji na mililita 10, wanda aka cire wa allura, ya fi ƙaramar silinda mai araha auna ruwa daidai. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, don haka ledar fiya wata mai santilita 50 nauyinta ya kusa giram 500, kuma da sirinji za ku iya cika ƙananan robobi ku sami nauyin giram 20, 50 da 100, matuƙar kun lissafa da nauyin robar kanta. Abin da bai kamata a yi dabara a kansa ba shi ne dafa abu a kwalbar lemo ko kofin gilashi na gida. Ba a yi su don wuta ba, suna tarwatsewa. Na dafawa sai gwangwani ko gilashin gwaji na ainihi.

A ina ake samun waɗannan kaya a Jos?

Katako da falwaya, kasuwar Katako. Batir, waya, ƙananan ƙwayayen fitila da kayan rediyo, wajen Taminus da Dilimi. Albasa, tumatir, ganye da iri na darasin bayoloji, Farin Gada. Amma mafi amfani su ne masu sana'a na unguwa. Mai naɗin koyil yana da ragowar wayar tagulla. Mai gyaran rediyo yana da tsofaffin lasifika, kuma a bayan kowace akwai maganaɗisu mai ƙarfi. Mai walda yana da garin ƙarfe, mai yankan gilashi yana da guntayen madubi, tela yana da tef. Yawancinsu idan suka ji na makaranta ne, kyauta za su bayar ko a kuɗi kaɗan.

Sinadarai kuwa sai wajen dillalin kayan gwaji mai shago da rasit. Ku duba takardar jikin kwalba: suna, ƙarfi, ranar lalacewa. Kwalbar da ba ta da takarda, kada ta shigo makaranta ko da kyauta ce.

Ba mu da takardar litmus. Da me za mu nuna asid da bes?

Da zoɓo. Ku jiƙa busasshen zoɓo kamar cikin tafin hannu a ruwan zafi mililita 250 na minti goma, ba sukari ba citta, ku tace. Sai ku sirka shi da ruwa har ya zama ja garai-garai wanda ake hango yatsa ta cikinsa. A nan mutane ke kuskure: idan ya yi kauri kamar na sha, launin ba zai nuna sauyi ba, yara su ce ba su ga komai ba.

Ku jera kofuna biyar na roba masu haske, kowanne da mililita 20. A na farko a ɗiga lemon tsami, na biyu ruwan tsamiya, na uku a bar shi yadda yake domin kwatanci, na huɗu ruwan kanwa, na biyar ruwan toka da aka tace. Masu tsami za su ƙara ja, kanwa da toka za su juya zuwa kore mai duhu. Daga nan sai ɓangaren da ya fi daɗi: a riƙa ɗiga lemon tsami cikin kofin kanwa da sirinji, ana ƙirga mililita, har jan ya dawo. Kumfar da ke tashi iskar kabon dayoksaid ce, ita ce dai uwar gida ke gani idan kanwa ta haɗu da tsami a tukunya. Yaron da ya yi wannan a aji biyu na ƙaramar sakandare, ranar da ya riƙe buret ba zai ruɗe ba.

Kurkum ma yana aiki: rawaya ne a asid, ja mai duhu a bes. Ruwan zoɓo ba ya wuce kwana biyu sai ya fara lalacewa, amma idan kun tsoma takardar tacewa a ciki kuka shanya a inuwa kuka yanka siri-siri, za ta daɗe a cikin ambulan. Kada a sa bilic cikin jerin. Yana cinye launin gaba ɗaya, kuma idan ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Littafi ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100, amma namu ya tsaya a 96. Ma'aunin ne ya lalace?

Lafiyarsa lau. Jos tana bisa tudu kimanin mita 1,200 sama da teku, nauyin iska a nan bai kai na bakin teku ba, shi ya sa ruwa ke tafasa da wuri. A ƙiyasi, kowane mita 300 na hawa yana rage kusan digiri ɗaya. Malamin da ke Abuja zai ga tsakanin 98 da 99, na Legas zai ga 100. Kada a sa yara su goge 96 su rubuta 100 domin ya yi daidai da littafi; wannan koya musu ƙarya ne da hannun malami. A bar su su rubuta abin da suka gani, sannan a tambaye su dalilin da wake ke daɗewa bai nuna ba a kan tudu.

Idan kuna son tabbatar da ma'aunin, ku tsoma shi a niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai narkewa, ya kamata ya nuna sifiri. Wajen tafasa kuma kada kansa ya taɓa gindin gwangwani, domin ƙarfen ya fi ruwan zafi.

Gwajin lilo ba ya ba mu amsa daidai. Ina matsalar take?

Kayan kaɗan ne: zare marar talewa, ƙaton noti na ƙarfe, rular mita, agogon daƙiƙa, da ƙusa a jikin katako. Da zare mai tsawon mita ɗaya, zuwa da dawowa ɗaya yana ɗaukar daƙiƙa 2, don haka ashirin za su ɗauki kimanin daƙiƙa 40. Idan ɗalibanku suna samun 20, to suna ƙirga zuwa daban dawowa daban, kuma a ƙarshe ƙimar g, wato ƙarfin jan ƙasa, za ta fito musu kusan 39 maimakon 9.8. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa.

Na biyu, ƙirga "ɗaya" a lokacin sakin noti. A ce "sifiri" lokacin da aka danna agogo. Na uku, jan lilon da nisa; kada ya wuce digiri 10, wato kimanin santimita 15 gefe a zaren mita ɗaya. Na huɗu, auna tsawo zuwa saman noti maimakon tsakiyarsa. Dalilin ƙirga ashirin maimakon ɗaya shi ne hannun mutum yana makara da kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa wajen danna agogo. A kan daƙiƙa 2 wannan babban kuskure ne, a kan 40 ba ya wani tasiri. A maimaita da tsawon santimita 40, 60, 80 da 100, a zana jadawalin T² da tsawo, inda T shi ne lokacin zuwa da dawowa ɗaya. Idan an rubuta tsawon a mita, gangaren layin ya kamata ya fito kusa da 4. A rufe taga, iskar hunturu tana wasa da zaren.

Yaya ake haɗa ruwan asid da bes na gwajin buret ga aji guda?

A ranar jarrabawa, umarnin sirri da hukumar jarrabawa ta aiko shi ake bi, ba wani ba. Wannan na atisaye ne.

Kowane ɗalibi yana buƙatar kimanin mililita 150 na asid da 150 na bes: gwajin lalube ɗaya, na gaske uku, da na ɗauraye. Ɗalibai 40 ke nan lita 6 kowanne. Asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfi da ake sayarwa, mai kashi 36 cikin ɗari, ana ɗibar mililita 8.6 a kowace lita domin samun ƙarfin mol 0.1, wato kusan mililita 52 ga lita 6. Na bes, giram 5.3 na busasshen sodiyam kabonet a kowace lita yana ba da mol 0.05. Da wannan haɗi, mililita 25 na bes zai ci kusan 25 na asid, da digo biyu ko uku na metil orenj, daga rawaya zuwa ruwan lemo.

Asid ake zubawa cikin ruwa, sannu a hankali, da tabarau a ido, kusa da taga. Ba a zuba ruwa cikin asid, domin zafin da ke tashi yana sa shi fantsama. A haɗa duka litocin a jarka ɗaya a girgiza sosai. Idan aka haɗa lita-lita, kowane benci zai sami amsarsa daban, malami ya rasa ta wa zai yi maki. A yi amfani da tataccen ruwa. Idan babu, ruwan sama da aka tara kai tsaye a roba mai tsabta, ba ta indararo ba, bayan an ɗan jima da fara ruwan, ya fi na rijiya.

Idan amsoshin ɗalibi suna tsalle, ku duba abu huɗu: kumfar iska a bakin buret, mazurari da aka manta a sama yana ɗiga, ɗauraye tulun gwaji da bes maimakon ruwa, da karanta layi daga sama ko ƙasa maimakon daidai da ido.

Ƙananan ƙwayayen fitilarmu na LED suna ƙonewa, wasu kuma ba sa kamawa.

Wanda bai kama ba, a juya shi. Doguwar ƙafa ita ke zuwa ɓangaren tarawa na batir. Wanda ya ƙone, an haɗa shi ne ba razista, abin da ke rage wutar da ke bi ta cikinsa. Jan LED yana cin kimanin bolt 2, kuma bai kamata abin da ke bi ta cikinsa ya wuce miliamfiya 20 ba. Da batir mai bolt 9, saura bolt 7. A raba 7 da 0.015, wato miliamfiya 15 da bai kai iyakar ba, an sami 467, sai a sa razista mai om 470, mai zanen rawaya, shunayya da ruwan ƙasa. A bolt 5, om 220 ya isa. Ku bar ɗalibai su yi wannan lissafin da kansu, shi ne dokar Ohm a aikace.

Maltimita kuma abin da ke kashe fis ɗinta shi ne a bar waya a ramin auna amfiya sannan a ɗora ta kan batir kai tsaye. Ku sayi fis na ajiya tun ranar farko. Maganaɗisun lantarki: ƙusa inci huɗu, naɗi 100 na wayar tagulla, babban batir mai bolt 1.5. Idan bai ɗauki allura ba, ba a kankare fentin bakin wayar ba. Kada a bar shi haɗe fiye da daƙiƙa goma, wayar tana zafi batir yana shanyewa. Wutar soket ba ta cikin kayan gwajin yara ko kaɗan.

Lissafi fa? Ai shi alli da allo kawai yake buƙata.

Wannan tunani ne ya sa yara ke haddace ƙa'ida su manta bayan jarrabawa. A ba kowane rukuni tef ɗin tela da abu mai da'ira: faifai, murfin tukunya, gwangwanin madara, tayar keke. Su auna kewaye, su auna faɗi ta tsakiya, su raba. Amsoshi za su taru tsakanin 3.1 da 3.2, kuma daga nan 22 bisa 7 ya daina zama abin da ya faɗo daga sama.

Girman mazugi ma haka. A zana da'ira mai radiyos santimita 10 a kwali, a yanke yanki mai digiri 216, a naɗe. Zai ba da mazugi mai radiyos 6 da tsayi 8. A yi silinda da kwali mai tsawon santimita 37.7 da faɗin 8, da ɗan ƙari na manna gam. A cika mazugin da busasshen yashi a juye cikin silinda: sau uku zai cika ta. Idan yashin da danshi ko an danna shi, ba zai fito daidai ba.

Igiya mai ƙulli a tazarar 3, 4 da 5 tana fitar da kusurwa madaidaiciya, kamar yadda magina ke yi wajen fitar da harsashi. Ma'aunin kusurwa na roba da tsinken shan lemo da zare mai ɗauke da noti sun isa a auna tsayin bishiya: yaro ya ja da baya har ya hango ƙololuwa a digiri 45, tsayin bishiyar shi ne nisansa da ita a tara da tsayin idonsa daga ƙasa. Marafan kwalba masu launi biyu suna koyar da lambobi masu tarawa da masu ɗebewa.

Akwai kuma darasin da wurin zamanmu ya ba mu kyauta. Jos tana kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana bi ta tsakar ka. Sandar da aka kafa a miƙe sosai inuwarta kusan ɓacewa take yi, ba da ƙarfe 12 daidai ba, sai wajen 12:25, domin agogon Najeriya ya ɗan riga ranar Jos. Afrilu ya fi, Agusta hadari ne.

Ta yaya ake koyar da injiniyanci ba tare da injuna ba?

A ba yara matsala, da iyakar kaya, da hanyar gwaji. Misali: kowane rukuni ya karɓi kara 20 masu tsawon santimita 20 da zare mita 3, ya gina gada tsakanin benci biyu masu tazarar santimita 40. A rataya bokiti a tsakiya, a riƙa jefa ledar fiya wata ɗaya-ɗaya har gadar ta karye. Sai a duba inda ta karye, a zana, a sake ginawa. Ginin na biyu shi ne darasin. Malamin da ya tsaya a na farko ya yi wasa ne kawai. Yara za su gano da kansu cewa siffa mai kusurwa uku ba ta lanƙwashewa kamar mai huɗu. Waɗanda suka saba ƙera motar kara da ta langa-langa su kan yi fice a nan, ko da ba su ne na gaba a jarrabawa ba.

Wani aikin shi ne tukunya cikin tukunya, dabarar da malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga kyautar Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama. Ɗalibai su auna zafin ciki da na waje kowace awa, su kwatanta tumatirin ciki da na waje. A yi shi da rani. Da damina iska cike take da danshi, ruwan ba ya tashi, sanyin ba ya samuwa.

Muna da kwamfutoci amma ba intanet. Me za mu saka musu?

Scratch na koyon tsara manhaja yana da nau'in da ake saukewa ya yi aiki ba intanet. Gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado ana sauke su ɗaya-ɗaya a filas a buɗe a kowace kwamfuta. GeoGebra na lissafi ne, Kiwix kuma yana ɗauke da Wikipedia. Duk kyauta ne. A sauke sau ɗaya inda akwai intanet mai ƙarfi, a ware filas ɗaya ta makaranta wadda ba ta yawo, domin ta filas ƙwayar cuta ke shiga kwamfutocin makaranta.

Gwajin kwamfuta ba ya maye gurbin na hannu. Amfaninsa a abin da ba ya ganuwa ne ko mai haɗari, kamar motsin ƙwayoyin iska ko cikin atam.

Sola nawa za ta ɗauki ɗakin kwamfuta?

A lissafa. Kwamfutar cinya tana cin kimanin wat 45. Goma, na awa huɗu a rana, wat-awa 1,800 ke nan. Idan aka ɗauki awa biyar na rana mai ƙarfi, aka cire kashi 30 cikin ɗari na asara a waya da inbata da ƙura, ana buƙatar faranti na kimanin wat 515, wato biyu masu wat 300. A Jos ku ƙara na uku saboda Yuli da Agusta. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake ci. Wanda ake shanyewa ƙaf kullum ba ya daɗewa. Kwamfutar tebur tana cin ninki biyu zuwa uku na ta cinya, a tuna da wannan kafin a karɓi gudummawar tsofaffin injuna.

A wanke farantan da safe lokacin hunturu. A sa wayar ƙasa da makarin tsawa, domin tsawar damina a Filato ba abin wasa ba ce.

Arduino ko micro:bit?

Dukansu ƙananan alluna ne na lantarki da ake tsara wa manhaja daga kwamfuta. Ga firamare da ƙaramar sakandare, micro:bit: yana zuwa da ƙwayayen fitila 25, maɓalli biyu da na'urorin jin motsi a jikinsa, ba sai an jona komai ba. Ga babbar sakandare, Arduino Uno, domin yana tilasta wa ɗalibi fahimtar waya. Aikin farko mai ma'ana shi ne ma'aunin ruwan tanki da na'urar HC-SR04, wadda ke aika sauti ta jira dawowarsa; a raba lokacin, a maikirodaƙiƙa, da 58, an sami nisa a santimita.

Idan kwamfuta ba ta ga allon ba, ko dai igiyar ta caji ce kawai, ko allon yana buƙatar a saka wa kwamfutar ƙaramar manhajar CH340, kamar yawancin masu araha. Kada a jona mota, wato ƙaramin injin lantarki mai juyawa, kai tsaye a ƙafar Arduino. Ƙafa ɗaya miliamfiya 20 take ɗauka lafiya, mota tana neman ninkin haka da yawa. A bi ta taransista.

Ɗalibai 80 ne a ajina, kayan kuma saiti huɗu.

A raba ajin gida biyu: rabi na gwaji, rabi na zana jadawali da rubuta hasashen abin da zai faru, bayan minti 20 a yi musanya. Cikin masu gwaji, kowa da aikinsa: mai haɗa kaya, mai aunawa, mai riƙe agogo, mai rubutu, mai bayani. A riƙa juya ayyukan kowane mako, in ba haka ba za ku tarar maza biyu sun mallake kayan, 'yan mata sun koma masu rubutu har ƙarshen zango. A ƙirga kaya kafin a raba, a ƙirga kafin a tashi.

Me ke lalata kaya a ajiya?

Da damina, danshi. Da hunturu, ƙura. Madubin ƙara girma yana yin fumfuna a gilashinsa idan aka rufe shi a kabad mai sanyi, kuma idan ta ci gilashin ba ta gyaruwa. A ajiye shi a akwati tare da ƙananan ƙunshin shan danshi irin na kwalin takalmi, a goge gilashin da takardarsa ta musamman, ba da gefen riga ba. Wajen aiki a fara da ƙaramin ido na sau 4, kada a juya babban majuyin daidaita gani a na sau 40, nan ake fasa gilashin samfur. Fatar cikin albasa da digon aidin ɗaya sun isa darasin ƙwayar halitta; a kwantar da murfin a karkace domin kada kumfa ta shiga.

A cire batir daga kowace na'ura kafin hutu. Sodiyam haidiroksaid yana shan danshi ya narke, a rufe shi gam da murfin roba. Silba naitiret sai kwalba mai duhu. Asid a ƙasan kanta, nesa da bes da ƙarafa. Littafin kaya ɗaya, makulli a hannun mutum ɗaya.

Za mu iya ɗebo yashin kuza mu nuna yadda maganaɗisu ke rarrabe ma'adinai?

Gara a bari. Ragowar wankin kuza a Filato yana ɗauke da ma'adinan monazait da zakon, waɗanda ke fitar da tururin nukiliya, ba abin tarawa a aji ba ne ko barin yara su shaƙi ƙurarsa. Kududdufan tsofaffin ramukan haƙa kuma suna da zurfi, ba wurin aika ɗalibai ɗebo samfur ba ne. A gauraya garin ƙarfe na mai walda da yashin rafi, a sa maganaɗisun cikin leda kafin a kusantar da shi, sai a zare ledar garin ya zube.

Ina malami zai sami horo ko tallafin kaya?

Makarantun gwamnati na matakin farko suna bi ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda ke aiki da takwararta ta tarayya, UBEC, ƙarƙashin dokar 2004. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 da haɗin gwiwar hukumar JICA ta Japan, Filato na cikin jihohi uku na farko tare da Kaduna da Neja, kuma ginshiƙinsa shi ne aikin hannu da haɗa kaya daga abin da ke kusa. Ku tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko akwai malaman da suka sami horon. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, wadda aka kafa a 1957, tana shirya bita da taron shekara. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali, Abuja, ita ke kula da gasar lissafi da kimiyya ta Olimfiyad. Cibiyar SEDI ta Minna, ƙarƙashin NASENI, tana ƙera kayan gwaji na makarantu.

Na ziyara kuma, Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da kayan Nok da tsofaffin jiragen ƙasa da gine-ginen gargajiya na ƙasa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafi, Kurra Falls kuma ana samar da lantarki da ƙarfin ruwa. A rubuta takardar neman izini da wuri, a karɓi amincewar iyaye a rubuce, kuma kowane ɗalibi ya tafi da tambayoyi uku da zai dawo da amsarsu.

Idan za ku nemi kuɗi wajen ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai, kada ku rubuta "kayan kimiyya" kawai. Ku rubuta sunan kowane abu, adadinsa, farashinsa daga shago biyu, ajin da zai yi amfani da shi, da makon da za a koyar da darasin.